Katuna Sha Ɗaya a Bango, Ɗaya a Durowa

Ku matso kusa, ku bar surutu, wannan misali sabo ne fil, da ɗuminsa, ba wanda ya taɓa jin sa a ajin nan.

Akwai wani mutum a wani gari na manoman citta, yana da ɗan kamfani a saman bene, daura da tashar mota. Aikinsu buga takardu ne da kwamfuta, katin biki ne, takardar neman aiki ce, jarabawar makarantu ce, duk abin da aka kawo. Kwamfuta goma sha biyu gare shi, kowace da mai zama a gabanta.

Amma fa ba da kwamfuta ya fara ba. Da injin laminetin ya fara, wannan injin da ake sa takarda tsakanin roba biyu, ya gasa ta da zafi, ta fito tana ƙyalli, ruwa ba ya cin ta, gara ba ta cin ta. Da shi ɗaya tak ya fara a gindin mangwaro, da shi ya yi aure, da shi ya gina gida, shi ya sa yake ƙaunarsa kamar ɗan fari. Mutumin nan ba ya iya ganin takarda ya bar ta haka nan. Takardar aurensa, laminetin. Takardun haihuwar 'ya'yansa bakwai, laminetin. Katin asibitin matarsa ma ya yi wa, sai da nas ta wanke shi tas da faɗa, don ba ta sami inda za ta yi rubutu ba. Kai, har rasidin da aka ba shi ran da ya sayi injin, ya tura shi cikin injin. Mutanen gari suka manta da sunansa na ainihi, kowa sai Baba Laminetin, shi kuwa yana amsawa da fara'a. Kirarin da yake yi wa kansa shi ne, abin da ya rufe, ba mai buɗewa.

To ita kwamfuta, akwai wata babbar manhaja a cikinta wadda take tafiyar da komai, in babu ita akwatin banza ce. Masu yin manhajar nan sun kafa doka, duk kamfanin da zai yi aiki da ita, kowace kwamfuta sai da nata lasisin, ba a raba ɗaya wa biyu. Mutane da yawa a garin ba ruwansu, ta jabu suke sawa a bayan kasuwa. Amma shi wannan ba ɓarawo ba ne, ku riƙe wannan a ranku. Dattijo ne a ikilisiya, makullin coci ma a hannunsa yake. Ya ce kayan sata ba za su zauna a kamfaninsa ba. Ya shiga mota ya tafi birni wurin dillali na gaskiya, ya sayo lasisi goma sha biyu cif, ya zuba su a aljihun gaba, hannunsa dafe a kai tun daga birni har gida.

Shi lasisin kati ne, kamar katin waya amma ya fi kyau nesa ba kusa ba, in ka karkata shi sai launinsa ya sauya. A tsakiyarsa akwai zirin azurfa, ƙarƙashin azurfar akwai lambobi. Sai an kankare azurfar, an karanta lambobin, an shigar da su cikin kwamfutar, sa'an nan ta zama halastacciya. In ba a yi haka ba za ta yi aiki dai, amma kullum akwai wani ɗan rubutu dishi-dishi a kusurwar allonta, can ƙasa, yana cewa ba a tabbatar da ita ba.

Da ya dawo sai ya jera katunan a kan tebur, ma'aikata suka taru suna kallo. A cikinsu akwai wata mata, Afiniki, ita ce ta fi kowa daɗewa a wurin, shekararta tara, tana buga rubutu ba ta kallon yatsunta. Ta zaro makullin ɗakinta daga bakin zane.

Ta ce, "Baba, kawo in kankare, mu gama da su kafin a ɗauke wuta."

Ya ce, "Ki yi me?"

"In kankare."

Ya rufe katunan da tafin hannunsa. "Afiniki, kin san daga inda na ɗauko abin nan? Ki kankare min shi kamar katin waya da ake yarwa a kwata? Dubi yadda yake ƙyalli, 'yata, dubi!"

"Na gani, Baba. Ai abin da ka saya yana ƙarƙashin ƙyallin ne."

"Na saya ko ban saya ba?"

"Ka saya."

"To magana ta ƙare."

Ya kunna injinsa, ya jira ya yi zafi. Sai Kefas, wani ma'aikaci mai zama ta bakin taga, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Oga, in ka gama da su ka tura ni ciki ni ma, kada in tsufa." Kowa ya yi dariya, har da Baban.

Ya tura na ɗaya, ya fito yana sheƙi. Na biyu, na uku, haka haka har na goma sha ɗaya. Da ya miƙa hannu zai ɗauki roba ta na ƙarshen, sai ya tarar kwalin wayam. Ya bar katin a kan tebur, ya sauka ƙasa neman roba.

Afiniki ta dubi katin, ta dubi rubutun nan na kusurwar allonta, ta sake duban katin. Sai kawai ta sa makulli, ƙarrr, ƙarrr, azurfa ta zube a kan zanenta. Ta karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta shigar. Kwamfutar ta ɗan yi tunani, rubutun ya ɓace ɓat.

Da mutumin ya dawo ya gani, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Kin ɓata min jeri! Goma sha biyu na saya, yanzu sha ɗaya za a gani, a ce ɗayar ta sata ce. Dubi yadda kika mai da shi, kamar kaza ta tona." Ya ja durowa, ya wurga katin cikin matattun biro da tsofaffin batura, ya tura ta da gwiwa. Kwana uku in ta gaishe shi, da kai yake amsawa.

Sauran sha ɗayan kuwa, ya kira kafinta ya yi musu babban firam da gilashi, aka rataye daidai inda duk mai hawowa bene zai fara gani. Sahu uku na huɗu-huɗu aka shirya, saura gurbi ɗaya a ƙasa, wanda kullum in ya gani sai ya yi tsaki. Masu kawo aiki suna tsayawa suna cewa, "Kai Baba, ka yi ƙoƙari, a garin nan ba kamarka." Shi kuwa sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Ikon Allah ne."

Abu ɗaya ne ya dame shi, rubutun nan dishi-dishi da yake a allon kwamfuta goma sha ɗaya. Kun san dabarar da ya yi? Ya buga 'yan sitika masu ruwan ɗorawa, aka rubuta musu Sai Godiya, ya bi allo-allo yana mannawa a kusurwar.

Kefas ya ce, "Oga, rubutun fa yana nan a ƙarƙashi."

"Kana ganinsa?"

"A'a."

"To yi aikinka."

Aka yi damina, aka haƙe citta, aka shanya. A lokacin nan aiki ya ja baya sosai, don kowa ya koma buga takardarsa a waya. Wata rana a wuni ba a kawo ko katin suna ba, ma'aikata suna zaune suna kallon motocin tasha. Mutumin ya fara tunanin waɗanda zai sallama, in ya dubi wannan ya tuna matarsa tana da ciki, in ya dubi wancan ya tuna shi ya yi masa waliyyin aure. Abin ya hana shi jin daɗin tuwo.

Ana nan sai ga labari. Babbar ƙungiyar manoman citta tana so a rubuta duk membobinta a kwamfuta, sunan kowa, ƙauyensa, girman gonarsa, mutum dubbai, aikin shekara guda cur. Wanda ya sami kwangilar nan ba zai sallami kowa ba. Sharaɗi ɗaya suka sa, kowace kwamfuta ta zama mai lasisi, don sun ce ba za su zuba sunayen mutanensu cikin abin da ba a san asalinsa ba. Za su aiko a duba.

Mutumin ya yi dariya har da tafi. Ya ce, "Wannan aiki nawa ne tun ba a haife shi ba. Wa ke da irin bangona?"

Afiniki ta ce a hankali, "Baba, tun da sauran kwana huɗu, da mun gwada buɗe ko ɗaya."

Ya ce, "Ke dai kin ƙi jinin firam ɗin nan. Ɗauko tsumma ki goge gilashin."

Ran Talata da hantsi mai dubawa ta iso, wata mata ce ana ce mata Madam Damaris, gajeriya, da tabarau a rataye a wuya da fayil a hammata. Ya tare ta tun daga ƙasan bene, ya sa aka kawo mata zoɓo mai sanyi da citta, ya kai ta gaban firam ya tsaya yana murmushi.

Ta sa tabarau, ta duba, ta ce, "Sun yi kyau, Baba. A kunna min kwamfutocin."

Ta zauna a gaban ta farko. Ta ga sitika. Ta sa farce ta ɗaga gefenta, ga rubutu nan zaune daram, bai je ko'ina ba. Ta shiga can cikin kwamfutar inda take faɗin gaskiyar kanta, ta karanta, ta rubuta wani abu a fayil. Ta koma ta biyu, haka. Ta uku, haka. Kafin ta iso bakin taga, Kefas ya ɓalle tasa sitikar da kansa ya manna a goshi, ya ce, "Madam, kada ki wahalar da farcenki." Ba wanda ya yi dariya.

Ta bi su har goma sha ɗaya. Ta sha biyu ba ta da sitika. Ta duba kusurwa, ba komai. Ta shiga ciki, ta gyaɗa kai.

"Wannan ta wa ce?"

Afiniki ta ce, "Ni ke zama a kanta, Madam."

"Wannan lafiya lau take." Ta rufe fayil, ta juya. "Baba, kwamfuta ɗaya na gani a kamfanin nan."

Ya ce, "Haba Madam! Ga su can a bango, ki ƙirga da kanki! Ga rasidi ma!" Ya zaro rasidin dillali, shi ma yana sheƙi cikin roba.

Ta ce, "Ban ce ba ka saya ba, Baba. Na ga ka saya, na ga kuma na gaske ne. Amma ba bango aka aiko ni in duba ba. Bango ba zai buga sunan manomi ba." Ta dube shi, ta ga dattijo ne, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ta ce, "Zan sauka tasha in ci abinci. Motata sai ƙarfe uku. In na dawo na tarar lambobin sun shiga, zan sa hannu, ban ga komai ba."

Ko ƙasan bene ba ta kai ba ya hau kujera ya sauke firam. Ya ɓalle bayansa, ya zazzage katunan, ya ce a miƙo reza. Ya yanke gefen na farko, ya sa farce zai ɗaga robar, ta ƙi. Ya ja da ƙarfi, ta taso, amma ba ita kaɗai ta taso ba, ta taho da azurfar, ta taho da lambobin, ta taho da fuskar katin gaba ɗaya, saura farar takarda a hannunsa. Ashe zafin injin ya narkar da su sun zama abu ɗaya tun ran farko.

Ya ce, "Wannan kuskure ne, na yi gaggawa." Ya ɗauki na biyu, ya bi a hankali a hankali, haka. Na uku aka kankare ta saman robar, reza ta huda har baya. Wani ya ce a kara a tururi, aka karɓo butar mai shayi, katin ya jiƙe ya zama kamar fanke. Wani ya ce dutsen guga, aka aro na tela, ya ƙara mannewa. Na takwas ne ya ɗan yi musu kirki, lambobin suka fito saura uku da suka bi roba. Kefas ya zauna yana ta canka, kwamfuta tana ta cewa ba haka ba ne, har ta gaji ta daina amsawa.

Mutumin ya kira dillalin birni a waya. Dillali ya ce, "Baba, lambar ai ba ta wurina, a jikin katin kaɗai take, shi ya sa aka rufe ta da azurfa. Ka ce ka yi musu me?" Ya faɗa masa. Sai dillali ya ce, "Duka?"

Ƙarfe biyu da rabi Madam Damaris ta hawo. Ta ga ƙasa cike da guntayen roba, ta ga firam a jingine ba komai ciki, ta ga dattijo zaune da reza a hannu, yatsansa ɗaya naɗe da tsumma. Ta buɗe fayil, ta ja layi, ta ce, "Sai haƙuri, Baba." Ta sauka.

Aka ba wani kamfani a gari na gaba kwangilar, wanda ba komai a bangonsa sai kalanda. Ƙarshen wata mutumin ya sallami mutum bakwai, har da Kefas. Da yake karɓar takardar sallama ya ce, "Oga, wannan dai kada ka yi mata laminetin, bari in iya ninke ta a aljihu." Ya yi dariya shi kaɗai, ya sauka bene bai waiwayo ba.

Washegari da safe mutumin ya ja durowar nan yana neman biro, sai ga katin da Afiniki ta kankare, tawada ta ɓata gefensa, ƙura ta hau. Ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana kallo. Ya dubi ƙusar da ke bango.

Ya ce, "Afiniki, kunna min injin. Ko wannan ɗayan mu rataye."

Ta ce, "Baba, wannan ai fanko ne yanzu. Abin da ke cikinsa ya riga ya shiga inda aka yi shi domin ya shiga."

Ya mai da katin cikin durowa, a hankali wannan karon, ya tura ta.

To ga abin da misalin nan yake nufi, kada wani ya tafi da dariyar kawai. Katin nan Maganar Allah ce da alkawarinsa. An riga an biya, na gaske ne, an kuma danƙa wa kowannenmu nasa a hannu. Kwamfutar kuwa zuciyarka ce. Ba a ba ka Maganar don ka rataye ba, an ba ka ne don ta shiga ciki.

Kun tuna na ce ku riƙe wani abu? Mutumin nan ba ɓarawo ba ne. Bai ƙi gaskiya ba, ya ma sha wahala ya je ya nemo ta. Ƙaunar ƙyallinta ce ta hana shi amfani da ita. Mu ma haka muke yi. Akwai mai Littafi Mai Tsarki a cikin jaka mai zif, ran Lahadi kaɗai yake ganin rana, shafukansa har yanzu a manne suke kamar ran da aka saya. Akwai mai katin baftisma a ƙasan akwati. Akwai wadda ta haddace ayoyi talatin ta ci kyautar sabulu a gaban ikilisiya, ran Litinin kuma ta shiga jarabawa da amsa a rubuce a cinya. Ayoyin suna bango, ba su shiga ba.

Kuma zuciya ba ta yin shiru. Kullum akwai ɗan rubutun nan a kusurwa yana ce maka, kai, ba daidai kake ba fa. Sai mu ɗauko sitika mu manna. Sabuwar rigar mawaƙa sitika ce, amin mai ƙarfi sitika ce, zama a bencin gaba ma yana iya zama sitika. Mu mun daina gani, amma rubutun bai tafi ba, kuma Mai dubawa yana zuwa, ba kuwa zai tsaya a gaban firam ba. Ciki zai shiga.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne robar. Mutumin ya ɗauka duk ran da ya ga dama zai buɗe. Wanda yake jin Magana kowace Lahadi yana cewa sai na girma, sai na gama makaranta, rufe ta yake yi da zafi, ran da zai neme ta da gaggawa sai ta ƙi fitowa.

Kankarewa ba ta da kyan gani. In ka bar Maganar ta shiga, za ka je ka ba ƙanwarka haƙuri alhali kai ne babba, za ka mai da biron da ka tsinta, wata rana ma a yi fushi da kai kwana uku kamar yadda aka yi da Afiniki. Littafinka zai yi datti, gefensa ya nannaɗe, bangonsa ya ɓalle. Ba komai. A kamfanin nan duka, katin da ya fi kowanne muni shi kaɗai ne ya yi aikinsa.

Saboda haka in an tashi, kowa ya je gida ya nemo nasa, ya sa makulli ya kankare, tun injin bai yi zafi ba.